Ba Kowace Lalura Ake Gani Da Ido Ba

Ranar Juma'ar da ta wuce, wani saurayi ya daɗe a banɗakin masallacin unguwarmu. Mutane suka yi ta bubbuga ƙofa, wani dattijo har yana cewa, "Kai yaro, barci kake yi a ciki ne?" Da ya fito kansa a sunkuye, bai ce uffan ba, ya juya gida ko sallar bai tsaya ba.

Na san yaron, ɗan ƙanwar mahaifiyata ne. Bara zazzaɓin taifot ya huda masa hanji, likitoci suka yi masa tiyata, suka fito da bakin hanjin ta gefen cikinsa. Shi ake kira sitoma. Yanzu bahaya ta nan take fita, tana zuba cikin wata 'yar jaka da ake mannawa a fata. Ita yake zubarwa yana gyarawa lokacin da ake buga masa ƙofa. In ka gan shi cikin kaftani, wallahi sai ka rantse lafiyarsa lau.

Jama'a, irinsa suna nan birjik a cikinmu. Akwai masu sankarar hanji, akwai waɗanda hanjinsu ya murɗe, da waɗanda harsashi ya fasa wa ciki, da jariran da aka haifa babu ƙofar dubura. Wasu na 'yan watanni ne a mayar musu da hanjin, wasu kuma har ƙarshen rayuwa. Wannan ƙofar ba ta da abin riƙewa, mutum ba shi da ikon cewa yanzu ko anjima. Wanda aka fito masa da ƙaramin hanji kuwa, ruwa da gishiri na saurin ƙarewa a jikinsa, don babban hanji ne ke tsotse ruwa. Saboda haka in ka ga ƙato yana shan ruwa a ɓoye da rana tsaka cikin azumi, kama bakinka. Wataƙila likita ne ya hana shi azumin.

Ga kuma tsadar jakar. Daga waje ake shigo da ita, ba a kowane kemis ake samu ba, kuma dole a riƙa canzawa. Talaka sai ya koma ga ledar kasuwa da filasta. Ledar ta yi yoyo, fata ta saluɓe, wari ya tashi, sai mutum ya kulle kansa a ɗaki. Ya bar kasuwa, ya bar makaranta, ya bar jam'i, alhali malamai da dama sun kwatanta hukuncinsa da na mai yoyon fitsari, sallarsa tana nan daram. Abin da ya fi ciwo shi ne a ce miji ya ƙaurace wa matarsa saboda aikin da ya ceci ranta. Haba!

A watan Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Najeriya. To amma mu a tunaninmu, sai mun ga sanda ko keken guragu muke yarda akwai lalura. A Ingila kuwa, tun 2016 filin jirgin Gatwick ya fito da wata igiyar wuya mai hoton fure, wadda mai ɓoyayyiyar lalura ke ratayawa don ma'aikata su gane yana buƙatar a bi shi a hankali.

Mu abin da muke nema bai taka kara ya karya ba. Gwamnatocin jihohi su tabbatar jakar nan tana cikin inshorar lafiya, kuma ana samun ta a manyan asibitoci. Masu zakka da ƙungiyoyin unguwa su tuna da ita yadda suke tuna buhun shinkafa. Kwamitocin masallatai da tashoshin mota su ware banɗaki ɗaya mai ruwa, mai sakata, da kwandon shara. Limamai su taɓo maganar a huɗuba, ko masu abin sa samu ƙarfin fitowa.

Sauran kuma namu ne. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In wani ya daɗe a banɗaki, yi haƙuri ka jira, ba ka san abin da ke ƙarƙashin rigarsa ba.

Da izinin yaron na yi wannan rubutu. Ya ce Juma'a mai zuwa zai koma masallaci. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.