Ku Tambaye Su da Wane Mudu Suka Auna

Jama'a, mu farka! A zamanin nan babu abin da ake rufe bakin talaka da shi kamar alƙaluma. Idan ɗan siyasa ya ce "mun yi aiki", nan take za a yi masa musu. Amma da zarar ya ce "kashi kaza cikin ɗari", sai kowa ya yi tsit, domin tun muna firamare aka nuna mana cewa lissafi ba a jayayya da shi. Masu wayo sun gane wannan rauni namu, kuma da shi suke cin kasuwarsu.

Ku dubi maganar rashin aikin yi. A rahotonta na ƙarshen shekarar 2020, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce kashi 33.3 cikin ɗari na masu iya aiki a Najeriya ba su da abin yi. A watan Agustan 2023 sai ga sabon rahoto: kashi 4.1 kacal. To, wace masana'anta aka farfaɗo da ita a Sharaɗa ko Bompai ko Kakuri har ta kwashe waɗannan miliyoyin matasa? Ko ɗaya babu. Mudun awon aka sauya. A da, sai mutum ya yi aikin awa 20 a mako kafin a cire shi daga sahun marasa aiki. Yanzu awa ɗaya tak ta isa. Saurayin da ya gama jami'a yana zaman kashe wando, ranar Asabar ya je Dawanau ya yi dakon buhuna na awa guda aka ba shi na abinci, shi ma a takarda ma'aikaci ne.

A nan sai mu yi adalci. Hukumar ba ta ɓoye wannan sauyi ba, ta bayyana cewa ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bi. Mai laifi shi ne wanda zai hau mumbari ya jera 33 da 4 gefe da gefe, ya ce wa jama'a ga nasarar da aka samu, alhali ya san sarai ba da ma'auni ɗaya aka auna su ba. Wannan ha'inci ne, ko da kowace lamba daga cikin biyun gaskiya ce.

Haka aka yi da tsadar kaya. A Disambar 2024 hauhawar farashi tana kashi 34.80, a Janairun 2025 ta koma 24.48, saboda an ɗauke shekarar kwatance daga 2009 an mayar da ita 2024. Kuma ko ba a sauya komai ba, raguwar hauhawar farashi ba ta nufin shinkafa ta yi araha. Farashi yana nan yana hawa, gudun hawan ne ya ragu. Uwargidan da ta dawo daga cefane ta fi kowa sanin haka, amma sai a sa ta riƙa shakkar abin da idonta ya gani.

A Afrilun 2014 ma an sake lissafin tattalin arziƙin ƙasa, ya tashi daga kusan dala biliyan 270 zuwa 510, Najeriya ta wayi gari ta wuce Afirka ta Kudu. Gyaran ya dace, don tsohon lissafin bai san da harkar wayar salula yadda ya kamata ba. Amma aljihun kowa bai ƙaru da ko sisi ba a wannan dare. Kada kuma mu manta, rabon da a ƙidaya mu tun 2006. Duk wani adadin jama'a da ake kawo mana tun daga lokacin, kintace ne.

Kada wani ya ɗauka gwamnati kaɗai ke wannan wasa. 'Yan adawa suna yi, masu tallan magani suna yi, masu neman tada fitinar addini da ƙabilanci suna watsa adadin mamata na ƙarya a WhatsApp, mu kuma muna turawa ba tare da mun tambayi inda aka samo ba.

'Yan jarida, musamman na gidajen rediyo da talaka ya dogara da ku, ku daina karanto mana alƙaluma tsurarsu. Ku faɗi wanda ya ƙirga, da abin da ya ƙirga, da shekarar da ya kwatanta da ita. Malaman makaranta, ku koya wa yara yadda ake tuhumar lamba kamar yadda kuke koya musu tarawa da ɗebewa. Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, duk wanda ya zo muku da kashi kaza cikin ɗari, ko gwamna ne, ku dube shi ku ce: kashi kaza na me, kuma wa ya auna? In ya kasa amsawa, kada ku tafa masa, kuma kada ku tura wa kowa.