Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Ya ku 'yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwa, yau muna so mu auna garuruwa da mudu guda. Mudun kuwa shi ne wannan: in aka wayi gari babu wutar lantarki, fetur kuma ya yi wuya, kwana nawa gari zai yi kafin injin niƙa ya tsaya, famfo ya ƙafe, ƙanƙara ta gagari mai azumi? Ba mu auna gari da gidajen manya, don can janareta ba ya barci. Muna auna shi da Ƙofar Rini, inda tela da mai walda da mai saida ruwan sanyi suke ci daga abin da wuta ta kawo a yinin nan.

To, bari mu duba abin da ya sami waɗansu. A watan Janairu na 1921 ba, a'a, a zamaninmu ne, cikin Janairu na 2021, 'yan ta'adda suka rushe turakun wayar da ke kai wuta Maiduguri daga Damaturu. Waya guda ce, da ta faɗi sai babban birni ya shiga duhu wata da watanni. Sai a watan Maris na 2023 aka buɗe musu tasha tasu mai ƙarfin megawat 50 a cikin garin. Da an yi ta tun fari, da mutanen Borno ba su sha wannan azaba ba.

A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ta yanke musu wuta, alhali kuwa kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarsu daga nan take zuwa. Yamai da Maraɗi da Damagaram suka ji a jikinsu, har zuwa Maris na 2024 da aka mayar. Abin da ya rage wa Yamai zafi shi ne tashar Goru Banda mai aiki da dizal, da wata ta hasken rana mai megawat 30 da ta soma aiki a ƙarshen 2023. Agadas kuwa ba ta rataye da wayarmu ba, daga gawayin ƙasa na Anu Araren wutarta take fitowa.

Haka nan a watan Oktoba na 2024, da aka lalata wayar Shiroro zuwa Kaduna, ta Kudu mai biyowa ta Makurɗi ita ma ta sami matsala, Kano da Kaduna da garuruwa masu yawa na Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Masu niƙa suka ninka kuɗi, masu kifi da nama suka yi hasara. Amma ku dubi Legas: tashar Egbin tana gefenta, jiragen ruwa suna sauke mai a Apapa, ga matatar Dangote a Lekki. Aba kuma ta buɗe tashar kanta a Fabrairu na 2024. Darasin a fili yake. Garin da ke da nasa a kusa shi ke jure wahala. Wanda ke jiran a miƙo masa daga nesa, shi ake fara mantawa.

Ina Sakkwato a cikin wannan awo? Gaskiya ɗaci gare ta, amma sai mun faɗa. Wutarmu daga Kainji take tasowa, ta bi ta Birnin Kebbi, sannan ta iso mu. Mu ne a wutsiyar waya. Bututun mai na gwamnati a Gusau ya tsaya. Bututun iskar gas da aka soma a 2020 daga Ajaokuta, Kano aka nufa da shi. Fetur ɗinmu a bayan tanka yake zuwa, tafiyar wajen kilomita 1,000 daga bakin teku, kuma kowane kilomita talaka ne ke biya. Tun da aka cire tallafi ran 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024. Wace mai ƙosai ce ba ta ga wannan a kuɗin niƙan wakenta ba?

Za su ce ai Allah ne ya aje mu nesa. To, Allah ne ya hana a gama tashar wuta ta jiha, mai megawat 38, wadda aka ba da kwangilarta tun 2008, shekara 15 ta wuce ba ta haska unguwa guda ba? Allah ne ya hana mu rana? Ranar da ke ƙona mu a bazara, zafi ya wuce digiri 40, ita ce dukiyar da ba mai iya yanke mana. Ga Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1982, ga masana 'ya'yanmu. Tun 2023 doka ta ba kowace jiha iko ta yi wutarta, ta raba wa jama'arta. Saboda haka uzurin cewa sai Abuja ta yarda ya ƙare.

Jam'iyyarmu tana neman abu uku. Na farko, a fito da lissafin abin da aka kashe a tashar nan, a karanta a rediyo da Hausa, kowa ya ji. Na biyu, kowace rijiyar burtsatse ta unguwa da kowane ɗakin shan magani a sa musu faifan hasken rana, don kada haihuwar dare ta dogara da tocilan. Na uku, a yi wa kasuwanni wutar rana tasu, shugabannin 'yan kasuwa su shiga cikin masu tsara farashi.

Ku kuma 'yan'uwa, kada ku tsaya ga gunaguni a bakin rumfa. Duk mai neman ƙuri'a da ya shigo Ƙofar Rini da buhun shinkafa, ku tambaye shi a gaban jama'a: ina wutarmu, yaushe, kuma nawa? In ya amsa, ku rubuta ku aje. In ya kāsa, kun san abin yi ran zaɓe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah ya ba talaka sa'a, amin.