An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Samarin Tasawa da Mayahi, Ƙwallon Kwando da Waƙar Rap

Duk wanda ya ratsa ta wata fadar ƴan lise a Tasawa ko a Mayahi bayan sallar isha'i, yayin da shayi na biyu yake kan gawayi, ba zai rasa jin ɗaya daga cikin gardandamin da ba su ƙarewa ba. Kokawa da ƙwallon ƙafa su ne suka fi yawan masoya, babu shakka, amma akwai wani rukuni na samari da hankalinsu ya koma kan ƙwallon kwando na Amurka. Wannan ya rantse babu kamar Michael Jordan, wancan ya ce LeBron James ya shafe tarihinsa, wani kuma ya ce shi ƴan wasan jami'a yake so, domin su da zuciya suke wasa, manyan kuwa kuɗi kawai suke bi. A gefe salula tana kaɗa waƙar rap, a jikin wani kuma akwai rigar Chicago Bulls da ya tsinta a tulin gwanjo ranar kasuwa. Idan watan Yuni ya kama, lokacin wasannin ƙarshe na gasar NBA, sai a ga yaro ya raba dare a gaban allon salula, alhali jarrabawa tana bakin ƙofa, iyaye kuma suna duban sama suna jiran ruwan shuka.

Hukuncin manya a kan wannan al'amari sananne ne. A ɗakin malamai, a taron ƙungiyoyin raya al'adu, a zauren uwayen ɗalibai, magana ɗaya ce ake maimaitawa: yara sun lalace, sun zama bayin Amurka, sun watsar da al'adar kaka da kakanni, a hana su. Wannan hukunci yana da daɗin yankewa, domin ba ya cin ko dala, ba ya kuma ɗora wa mai yanke shi wani nauyi. Sai dai an bar jaki ana dukan taiki. Yaran sun sami riga da kirari da gardama daga ƙetare ba tare da sun roƙi kowa ba. Abubuwa biyu da za su mai da wannan sha'awa ta zama amfani, wato filin wasa da alƙalami, suna hannun manya, kuma manyan ne suka riƙe su.

Adalci ne a fara da abin da masu sukar suka yi gaskiya a kansa. Akwai waƙoƙin rap masu yawa da ke cike da ashar, da yabon bindiga da ƙwaya, da wulaƙanta mata. Tupac Shakur yana da shekara 25 aka harbe shi a 1996, abokin hamayyarsa Notorious B.I.G. kuma yana da 24 aka kashe shi a 1997. Mafarkin zama ƙwararren ɗan wasa ma tarko ne ga wanda bai iya lissafi ba. Ƙungiyoyi 30 ne a gasar NBA, kuma a zaɓen sababbin ƴan wasa da ake yi kowace shekara ba a wuce mutum 60 daga duniya baki ɗaya, alhali a Amurka kaɗai jami'o'i fiye da 350 ne ke cikin rukunin farko na gasar ɗalibai. Matsakaicin tsawon ɗan wasan NBA ya kusa mita biyu. Yaron da ya yi sakaci da karatu saboda wannan mafarki ya saki reshe ya kama ganye. Duk wannan gaskiya ne. Amma daga bakin wa yaron zai ji ta ya yarda? Ba zai karɓe ta daga malamin da bai taɓa zama ya saurari waƙa ɗaya ba, wanda bai san ko mutum nawa ne ke buga wasan ba, wanda iliminsa a kan batun bai wuce tsaki ba.

Da malamai sun kasa kunne ga gardamar nan ta ƴan jami'a da ƙwararru, da sun tarar da darasin da suke nema a cikinta. Ƙwallon kwando ɗan makaranta ne tun haihuwarsa. Wani malamin motsa jiki, James Naismith, shi ya ƙirƙire shi a 1891 a garin Springfield, don ɗalibansa su sami abin yi a lokacin sanyi, ya rataya kwanduna biyu na ɗiban ƴaƴan itace, daga nan wasan ya samo sunansa. Jordan da ake rantsuwa da shi, a jami'ar North Carolina ya fara suna, inda ya ci gasar ɗalibai a 1982, kuma bayan ya shiga NBA ya koma ya kammala digirinsa a 1986. Kobe Bryant a 1996 da LeBron a 2003 sun tsallake jami'a, gaskiya ne, amma daga 2006 aka rufe wannan ƙofa da dokar cika shekara 19. Masu cewa ƴan jami'a don ƙauna kawai suke wasa su ma labarinsu ya tsufa, domin tun 2021 aka ba ɗalibai damar karɓar kuɗin talla da sunansu. Ga tarihi, ga lissafi, ga tattalin arziki, duk a cikin hira ɗaya ta bakin shayi, ana neman malamin da zai ɗauka.

Misalan ƴan Afirka sun fi kusa da gida. Hakeem Olajuwon ɗalibi ne a wata kwalejin horon malamai ta Musulmi a Legas, ɗan wasan ƙwallon hannu, kuma a wasannin makarantu da aka yi a Sakkwato ne, yana ɗan shekara 15, aka jarraba shi a ƙwallon kwando. Daga nan ya tafi jami'ar Houston, aka zaɓe shi na farko a 1984, ya ci kofin NBA a 1994 da 1995, kuma idan watan Ramadan ya kama yakan yi wasa da azumi a bakinsa. Dikembe Mutombo na Kwango ya isa jami'ar Georgetown a 1987 da tallafin karatu da niyyar zama likita, ya fita da digiri a 1991, ya gina asibiti a Kinshasa da sunan mahaifiyarsa wanda aka buɗe a 2007, ya rasu a 2024. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a can ya koyi wasan, bai taɓa buga ko wasa ɗaya a NBA ba, amma da ilimi da iya shugabanci ya jagoranci ƙungiyar Toronto har ta ci kofi a 2019. Ɗan Nijar Abdoulaye Harouna ma ta jami'ar Miami ta jihar Ohayo ya bi kafin ya yi fice a gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL da aka fara a Kigali a 2021. Kowane ɗayansu ta ƙofar makaranta ya shiga, kuma kowane ɗayansu ya tarar da wani babba da ya miƙa masa ƙwallo ya nuna masa fili.

To, ina filin yake? Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, da ƙarfe biyu masu zobe a tsayin mita 3 da santimita 5. Za a iya yanka irinsa kusan goma sha bakwai a cikin filin ƙwallon ƙafa guda. Bai wuce kusurwar harabar makaranta ba, maƙerin gari zai iya ƙera ƙarafan, magini ya zuba daɓen siminti. Masu kukan lalacewar yara su ɗauki takarda su ƙirga, daga Korgom zuwa Urafan, daga Maijirgi zuwa Kanambakashe da Gidan Amumun: kwaleji nawa ne ke da irin wannan fili mai zobe a tsaye, da ƙwallo mai iska, da malamin motsa jiki da ya san dokokin wasan? Kowane malami ya san amsar a makarantarsa. Yaron da ba shi da wurin gudu da tsalle, dole ƙarfinsa ya koma baki, shi ya sa gardamar fada ba ta ƙarewa.

Kokawa ta isa shaida a kan abin da tsari ke haifarwa. Ita ma wasan dandalin ƙauye ce bayan girbi, sai da hukuma ta shirya gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, aka gina filaye a manyan biranen jihohi, aka sa takobi, Muryar Sahel ta kai labarin har rugage. Yau babu mai cewa kokawa tana ɓata yara, domin an ba ta gida da doka da alƙali. Ƴan mata kuma, waɗanda ba su da rabo a kokawa, ƙwallon kwando wasa ne da za su yi a cikin katangar makaranta da suturarsu. Ƙungiyar matan Najeriya ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025. A jihar da ƴan mata da yawa ke barin aji kafin su kai birbe, duk abin da zai sa yarinya ta yi marmarin zuwa makaranta bai cancanci raini ba.

Batun rap ya fi ban mamaki, domin a nan masu kare al'ada ne ke ƙin ganin fuskar al'adarsu. An saba ɗaukar wani biki da DJ Kool Herc ya shirya a unguwar Bronx ta birnin Niyok a watan Agusta na 1973 a matsayin mafarin hip-hop: baƙaƙen matasa marasa galihu suna jera magana mai amsa-amo a kan kiɗa, suna yabon kai, suna zambo ga abokin hamayya. Wane Bahaushe ne zai ce wannan baƙon abu ne gare shi? Ɗan kokawa da ya shiga fili yana kirari me yake yi? Maharba da ƴan tauri fa? Ƴan gambara da ke zuba magana da sauri a kasuwa, wani lokaci da batsar da ta fi ta Amurkawa, ba daga Bronx suka zo ba. Zambo da habaici kuwa su ne gishirin waƙar fada tun kafin a haifi kakan Tupac. Mamman Shata kansa mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, yau kuma jami'o'i ke nazarinsa.

Matasan Nijar sun gane wannan dangantaka tun ƙarshen shekarun 1990. Ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Wass Wong da Kaidan Gaskia sun yi waƙa da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, a kan rashin aikin yi da cin hanci da cutar sida da auren dole. Zara Moussa, wadda aka fi sani da ZM, Kirari ta raɗa wa kundin waƙoƙinta. Waɗannan mawaƙa sun sa yaran birni alfahari da harsunan gida a lokacin da ake ganin wayewa ita ce Faransanci zalla. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma harshe ba ya rayuwa da doka kaɗai, sai da matasan da ke wasa da shi, suna lanƙwasa shi, suna gasa da shi. Asarar gaske ita ce a ga yaron Tasawa yana haddace baitoci da Ingilishin da bai san ma'anarsa ba, alhali bai iya bambanta k da ƙ a rubuce ba, bai kuma san kirarin garinsu ba. Malamin Hausa da ya ce wa ɗalibansa su rubuto baiti goma sha shida a kan tsadar hatsi ko tafiya ci-rani, da amsa-amo da kari da ƙa'idar rubutu, babu ashar, zai ga hannuwa a sama daga bencin baya da ya daɗe da yanke wa ƙauna. Malamin Faransanci ma yana da MC Solaar, haifaffen Dakar ɗan asalin Cadi, wanda wasansa da kalmomi ya isa a yi darasi a kai.

Hausawa sun ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya, kuma samari ba su kuɓuta daga rabin karin maganar ba. Wanda ya san yawan makin da LeBron ya ci amma bai san makinsa na lissafi ba, wanda ke kwana gardama a kan gumin wani alhali shi ko zagaye ɗaya bai taɓa gudu ba, ɗan kallo ne kawai, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Waɗanda yake yabo da asuba suke tashi horo, mawaƙan da yake kwaikwayo kuma littattafai suke cikawa da rubutu kafin su kama makirfo. Sai dai ba a tuhumar yaro da ƙiwuya kafin a aike shi.

Aiken kuwa bai fi ƙarfin kowa ba. Ƙungiyar uwayen ɗalibai da ma'aikatar magajin gari da ƴan asalin gari mazauna Maraɗi da Yamai da Kano za su iya haɗa kuɗin daɓe ɗaya da ƙarfe biyu, kamar yadda suke haɗa na aji ko na rijiya. Makarantun gundumomin biyu za su iya shirya gasa a tsakaninsu, maza da mata, da sharaɗin cewa wanda makinsa ya faɗi ba ya shiga fili. Ƙungiyoyin al'adu za su iya buɗe gidan matasa ga gasar waƙa da Hausa, a zaunar da tsohon mai kirarin ƴan kokawa da malamin harshe a teburin alƙalai, gidajen rediyon karkara su watsa. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, wannan aiki na gaggawa ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mai son tanƙwara shi kuwa sai ya matso ya kama shi da hannu. Allah ya ba manya ikon sauke nauyin da ke kansu, ya shiryi yara.