Matasan Otal da Matasan Layi

Duk shekara idan 21 ga Satumba ta zagayo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa zaman lafiya, sai ɗakunan taro na otal-otal ɗin Kaduna su cika. A rataya ƙyalle mai hoton kurciya, a raba riguna da huluna, a jera ruwan roba a kan tebur, a ce an tara matasa za a koya musu sulhu. Na leƙa irin wannan taron, kuma takaicinsa bai sake ni ba. Wanda aka gabatar a matsayin shugaban matasa furfura ta cinye rabin gemunsa, ɗansa na fari ma ya isa aure. Shi ne ya wakilci matasa bara, shi ne bana, in Allah ya kai mu baɗi shi za a sake miƙa wa makirufo.

Ku dubi yadda abin ke tafiya, don Allah. Takardar gayyata da Turanci, jawabi da Turanci, har addu'ar buɗe taro sai an sa mata Turanci. Baƙo mai jawabi ya makara, a yi ta jiransa har azahar ta kawo kai. Ya iso ya karanta abin da aka rubuta masa, ya ce matasa su ne manyan gobe, a yi tafi, ya tashi da muƙarrabansa ya bar ɗakin fayau. Sai shinkafa da cinyar kaza. Daga nan a ja layi wajen sa hannu a karɓi kuɗin mota, kuma wallahi nan ne kaɗai za ka ga ana ɗaga murya da gaske, don kuwa wani ya rubuta sunan ƙaninsa da bai zo ba. A ƙarshe a tsaya hoto, a tabbatar mai hijabi na kusa da mai sarƙar gicciye, a aika wa masu ba da tallafi a Turai su ga aiki ya yi kyau. Mutanen nan sun san juna, sun san ranar kowane taro, har suna da zauren WhatsApp da suke sanar da juna inda ake rabon ambulan. Sana'a ce, kuma tana ci. Ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 2250 na shekarar 2015, wanda suke ta ambato kamar wuridi, cewa ya yi matashi shi ne ɗan shekara 18 zuwa 29. Nijeriya ta fitar da nata tsarin aiwatar da shi a 2021. Da za a tsaya a ƙofa da wannan ma'auni, da kujeru da yawa sun zama wayam.

To ina yaron da ake magana a kansa? Yana Rigasa yana tuƙa Keke Napep ɗin wani. Yana Panteka yana bugun ƙarfe. Yana bakin layi a Tudun Wada ko Unguwar Shanu ko Hayin Banki, babu aiki, babu makaranta, abokansa sun fara shiga sara-suka da ƙwacen waya. Ranar da gari ya rikice shi ake miƙa wa gora da galan ɗin fetur, shi soja ke harbi, uwarsa ce ke bin asibiti tana buɗe mayafin gawa. Ba a taɓa aika masa takardar gayyata ba, ko an aika ma mai gadi ba zai bar shi ya wuce ƙofa da silifas ba.

Wanda ya girma a garin nan ya san abin da muka rasa. Rikicin Shari'a na Fabrairu da Mayun 2000 ya ci rayuka aƙalla 2,000. Na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002 ya ƙara da sama da 200, na bayan zaɓen 2011 ya ɗora nasa. Kowa ya kwashe kayansa ya bi nasa: Musulmi suka tattaro arewacin kogin Kaduna, Kirista suka gangara Sabon Tasha da Narayi da Television. Har laƙabi aka yi wa ɓangarorin biyu, wai Makka da Ƙudus, ana faɗa ana dariya. Yaran da aka haifa bayan 2000 yanzu magidanta ne, kuma da yawansu ba su taɓa zama benci ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Ba su taɓa cin tuwon Kirsimeti ba, wancan gefen ba su taɓa karɓar naman layya daga maƙwabci ba. Abin da suka sani game da juna shi ne abin da aka turo musu a waya.

A da masaƙun Kakuri ne ke wannan aikin na haɗa jama'a ba tare da an kira shi sulhu ba. Bahaushe da Bajju da Bayarabe da Tibi suna tsaye kan inji ɗaya, suna ƙungiyar ƙwadago ɗaya, suna bin juna bashi. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ta UNTL ta bi ta a 2007. Kowane ɗan takara sai ya yi rantsuwa zai farfaɗo da su, ya ci zaɓe, ciyawa ta ci gaba da cin injuna. Kuma waɗannan 'yan siyasar ne dai ke sayen yaranmu lokacin kamfe da 'yan kuɗin da ba su kai na cefanen kwana ɗaya ba, a haɗa musu da ƙwaya, bayan rantsarwa a kira su 'yan daba. Masu gidajen haya ma ba su tsira ba, waɗanda kafin su faɗi kuɗin ɗaki sai sun tambayi sunanka, a gefen nan da wancan.

Addini bai bar mu cikin duhu ba. Suratul Hujurati ta sanar da mu cewa an yi mu ƙabilu daban-daban ne domin mu san juna, kuma kowane ɗan Islamiyya ya san yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi Kiristocin Najran a Madina, da irin nauyin da ya ɗora wa haƙƙin maƙwabci. Yaya za a yi sanin juna alhali gada ta zama iyakar ƙasa?

Muna da darasi a gida. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye a da jagororin matasa ne masu faɗa da juna. A wani rikici na 1992 Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa. Da suka haɗu a 1995 suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai, an saurare su ne domin daga cikin wutar suka fito. Sannan a tuna, manyan malamai da limaman coci sun sa hannu kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna a Agustan 2002, wata uku kacal gari ya sake kamawa. Sa hannun manya bai isa layi ba, balle hoton otal.

Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2017, da ƙungiyoyin da ke karɓar tallafi da sunan yaranmu, ga roƙona. Kuɗin ɗakin taro da kaza a biya wa yaron Narayi koyon walda a Panteka, a kai na Rigasa garejin Kakuri, su shekara suna cin abinci a kwano ɗaya. A haɗa ƙungiyoyin ƙwallon unguwanni, amma a cakuɗa 'yan wasan, kada a ce Kawo ta kara da Sabon Tasha. A tafi wurin shugabannin 'yan Keke da makanikai da masu shayi, a yi musu magana da Hausar da suke ji. Ku kuma dattawan da kuka riƙe kujerar matasa kuka ƙi saki, ku ji tsoron Allah ku tashi haka nan.