Kafin Mu Sayar da Bijimai Mu Sayi Ƙarfe: Wane Abin Hawa Ya Dace da Dajinmu?



A 'yan shekarun nan da wuya masu shanu su zauna hira, a Mayanka ne ko a ƙofar masallaci bayan la'asar, ba a tayar da zancen abin hawan shiga daji ba. Wannan ya ce aboboya ta wadatar, wancan ya ce in ba Land Cruiser ba to ya haƙura, samari kuma hankalinsu ya koma kan babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da suke gani a waya Turawa suna kora shanu da shi. To, tun da kuɗin da za a sayi ko wanne daga cikin garke zai fito, ya zama wajibi mu yi wa juna nasiha tun kafin dillali ya ja bijimi. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, kowace ruga ta mallaki babur mai ƙafa biyu, masu garkuna na yanki ɗaya su haɗa kuɗi su sayi a-kori-kura guda mai jan ƙafa huɗu, babur mai ƙafa huɗu kuwa a bar wa masu shi.

Da farko mu tambayi kanmu, wane aiki muke so abin hawan ya yi mana? Kiwo dai da ƙafa da sanda ake yin sa, kuma saniya ta fi sanin muryar mai ita da ƙarar inji. Inda muke shan wahala wuri huɗu ne. Na ɗaya, kai gishiri da dusa da maganin kaska da na sammore zuwa ruga, tare da ɗauko likitan dabbobi da allurar rigakafinsa, wadda in ta daɗe a hanya ƙanƙarar akwatinta ta narke to ta tashi aiki. Na biyu, fito da saniyar da ta karye ko ta kwanta, a kai ta hannun mahauta da sauran numfashinta, maimakon a yanka ta a daji a sayar da naman a wulaƙance. Na uku, mace mai naƙuda ko yaron da maciji ya sara cikin dare, wanda ke bukatar a kai shi asibitin Agogo ko na Ejura kafin gari ya waye.

Na huɗu shi ne wanda ya fi shafar wannan ƙungiya tamu. In shanu suka shiga gonar doya ko masara ko kankana, abin da ke raba sulhu da tashin hankali sau da yawa shi ne saurin zuwan dattawa. In mai garke da wakilin Sarkin Fulani suka isa gonar a ranar, suka ga ɓarna da idonsu, suka ba manomi haƙuri aka yi ƙiyasi a gaban shaidu, magana takan mutu a nan. In kuwa aka kwana uku ba a ga kowa ba don rafi ya cika ko mota ta lalace, manomi zai ɗauka raini ne, maganar ta bar hannunsa ta koma hannun samarin gari. Ba mu manta ba cewa a watan Janairu na 2012 Babbar Kotun Kumasi ta ba da umarnin fitar da shanu daga wasu yankunan ƙasar Agogo, kuma a 2018 sojoji da 'yan sanda suka sake shiga da farmakin nan da ake kira Operation Cow Leg, aka harbe shanu masu yawa. Ba mu ce mota za ta warware rikicin ƙasa ba, domin tushensa ya fi haka zurfi. Amma zuwa da kai ya fi saƙo, kuma abin hawan da zai kai dattawa gona a tsakiyar damina yana cikin kayan zaman lafiya.

To, da wane ma'auni za mu auna? Mu mutanen Manhyia Allah ya sauƙaƙa mana, domin ma'aunin yana bayan gidanmu, wato Suame Magazine, inda dubban makanikai da masu walda da masu sayar da kayan gyara suke, wurin da ba shi da na biyu a ƙasar nan. Kafin mutum ya biya ko sidi ɗaya, ya je Suame da sunan abin da yake so ya saya, ya tambayi shago uku: kuna da kulochinsa, da famfon mansa, da sifirin, da taya? In duka ukun suka miƙo masa kayan nan take, to ya ci gaba da ciniki. In aka ce sai an yi oda daga Dubai ko Sin, ya riƙe kuɗinsa. Duk wanda ya ga abin da ya faru a 2022, lokacin da sidi ta faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, ya san abin da ake nufi da dogara ga kayan da sai an yi odarsu da dala.

Babur mai ƙafa huɗu a nan ya fara faɗuwa. Kayansa ba su yawaita a kasuwarmu ba, makanikan ƙauye ba su saba da shi ba, bel ɗinsa kaɗai in ya tsinke a Drobonso sai ya yi wata yana jiran wani. Amma babban aibinsa ya wuce wannan. Mutum yana ganin ƙafa huɗu sai ya ɗauka ba ya faɗuwa, alhali kuwa abu ne mai tsawo da ƙunci, nauyinsa a sama yake, kuma manyan cikinsu sukan kai kilo 300. In taya ɗaya ta hau kututture ko suri, ko ta faɗa ramin da ciyawa ta rufe, sai ya kife, kuma a kan ƙirjin mai tuƙi yake kifewa. Babur mai ƙafa biyu yakan jefar da kai gefe, wannan kuwa danne ka yake yi. A Ostireliya, ƙasar manyan makiyaya, ya daɗe yana cikin abubuwan da suka fi kashe mutane a gonaki, har gwamnati ta tilasta cewa daga Oktoban 2021 duk sabon da za a sayar don aikin gona sai an kafa masa ƙarfen kariya, kamfanoni irin su Honda da Yamaha kuma suka zaɓi daina sayar da irinsa a can. Su kansu masu ƙera shi sun rubuta a jikinsa cewa kada a yi goyo, kada a hau kwalta da shi, kada a ba yaro. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, a rugarmu wa zai hana goyo, wa zai hana yaro ɗan shekara 13 ɗaukar makulli? Ga shi ba ya ɗaukar saniya, ba ya ɗaukar mai naƙuda. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Aboboya kuwa ba mu raina ta ba. Tana da araha, ba ta shan mai, kayanta suna ko'ina, kuma ta sauƙaƙa wa matanmu ɗiban ruwa da kai nono bakin hanya. Ga ruga da ke kusa da hanyar burji, da rani, babu kamarta. Sai dai a san iyakarta. Ƙasarmu ta Asante damina biyu take yi, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa wajen Nuwamba, kuma a watannin nan baƙar lakar bakin kogin Afram ba ta san aboboya ba. Cikinta yana kusa da ƙasa, taya ɗaya ce a gaba, in an yi mata lodi mai tsawo aka sha kwana da gudu sai ta kwanta. Ɗora mata babban sa kuwa zalunci ne ga dabbar, ganganci ne ga mai tuƙi, domin sa in ya motsa sau ɗaya ya isa ya juyar da ita. A saye ta don ruwa da dusa da maraƙi, kada a jingina ran mutum a kanta cikin marka.

Babur mai ƙafa biyu, irin su Boxer da Haojue da Apsonic da muka saba da su, shi ne jakin wannan zamani. Yana bin sawun shanu inda mota ba ta shiga, in ya kafe mutum biyu sun ɗaga shi, in rafi ya cika a saka shi a kwalekwale, kuma babu ƙauyen da za a rasa mai gyara shi. Shi zai kai labari, ya ɗauko likita, ya bi sawun ɓatacciyar saniya. Kowace ruga ta samu ɗaya, da hular kwano, da lamba, da lasin. Wanda ya iya sayen babur bai kamata ya kasa sayen hula ba.

Saura babban aiki, wanda sai mota. A nan shawararmu ita ce a-kori-kura mai shan dizal, mai jan ƙafa huɗu, mai giyar hannu. Toyota Hilux ta fi kowace cika sharaɗin Suame, sai ta Nissan a bayanta, kuma a 2021 an buɗe masana'antar haɗa Hilux a Tema, a 2022 aka buɗe ta Navara. Land Cruiser a-kori-kura ta fi su ƙarfi da juriya, amma kuɗinta da shan manta sun fi ƙarfin yawancinmu. Wadda ba mu ga dalilinta ba sam ita ce babbar jif ɗin alfarma mai baƙin gilashi. Ba ta ɗaukar saniya, ba ta ɗaukar buhu, kuma ranar da ka sauka daga cikinta a gonar da shanunka suka cinye, ka ninka wa kanka kuɗin diyya, ka kuma ƙara wa manomi ɗacin rai.

In ta hannu za a saya, a tafi da makaniken da ba shi da alaƙa da mai sayarwa. A leƙa ƙarƙashi a tabbata tana jan gaba, domin a-kori-kura da yawa a ƙasar nan tayoyin baya kaɗai ke ja, sai an shiga taɓo ake ganewa. A gwada ƙaramar giyar nan ta hawan tudu a kan ƙasa, a ji ta kama. A duba shasi ko an taɓa yi masa walda, a duba baƙin mai ko ya gauraya da ruwa. A kuma sani cewa sababbin injinan dizal masu kwamfuta ba sa jure gurɓataccen mai, galan ɗaya na dizal mai ruwa daga bakin hanya ya isa ya kashe nozul ɗin da kuɗinsa ya kai na karsana. Tsofaffin injina marasa kwamfuta sun fi haƙuri da halin dajinmu. Bayan saye a kai ta Suame a yi mata kejin ƙarfe da dabe marar santsi, sa'an nan a gargaɗi direba kada ya bar ta a jan ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, domin yana cin giya da taya.

Sai maganar takardu, wadda a gare mu ta fi ta kowa nauyi. Kowa ya san yadda ake yi wa mai sanda da rawani kallon baƙo a shingen hanya, ko da a Aboabo aka haifi kakansa. Saboda haka kada mu ba kowa ƙofa. A ga takardar kwastan ta biyan kuɗin fito, a gwada lambar shasi da ta takarda harafi da harafi, a je ofishin DVLA a mayar da suna, a yi inshora da takardar lafiyar mota. A 2022 hukumar EOCO ta kama motoci masu tsada a Accra waɗanda aka sato daga Amurka da Kanada, kuma wanda aka samu mota a hannunsa shi ke asara ko da da kuɗinsa ya saya. In ka ga mota mai kyau da arahar da ta wuce hankali, kuma mai ita yana gaggawa, to araha ba ta ado.

Mun san za a ce mana kayan taro ba ya ƙarko, kowa ya hau babu mai gyara. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma mun ga motocin ƙungiyoyi da suka zama ɗakin kaji. Amma maganin abin tsari ne. Masu garke goma ko goma sha biyu na yanki ɗaya su zauna gaban Sarkin Fulani da liman, a rubuta abin da kowa ya bayar, a yi rajistar motar da sunan ƙungiya. A ɗauki direba guda mai lasin, makulli ya zauna a hannunsa shi kaɗai. Duk wanda ya ɗauki mota don kasuwancinsa ya biya mai da wani abu a kai wanda za a ajiye don gyara, a kuma karanta littafin kuɗin a gaban kowa duk wata. Marar lafiya da tafiyar sulhu su ne a gaba da kowane lodi, ko na wane ne. Mutanen da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru, suka iya ba da shanun miliyoyi bashi a kara da baki kawai, ba za su kasa riƙe mota ɗaya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe, a riƙa yin lissafin da shanu, kada a tsaya ga sidi. Karsanar da aka sayar yau ta tafi da 'ya'yanta da jikokinta, mota kuwa tun ranar da ta bar shago take raguwa. In ya zama dole a sayar, a fitar da bijimai da tsofaffin da suka daina haihuwa, a bar matan garke. Wanda kuma lissafinsa ya nuna sai ya taɓa su kafin ya sayi mota shi kaɗai, to ya sayi babur, ya kawo rabonsa cikin ta taro.

Allah ya albarkaci dukiyarmu, ya kiyaye mu da sharrin ƙarfe, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu manoma. Amin.