Kafin a kai a-kori-kura wurin mai walda

Duk damina sai ka ga tsohuwar Hilux ta kafe a hanyar ƙauye ɗauke da buhunan taki, tayar baya ɗaya tana ta juyi cikin taɓo, ɗayar kuwa tana kan busasshiyar ƙasa ko motsi ba ta yi. Direba ya yi ta zagin inji, alhali inji ba ruwansa. Difarenshal ne, wato tukunyar haƙoran da ke tsakiyar aksil na baya. An ƙera shi don tayar waje ta fi ta ciki gudu in an zo kwana, to amma irin wanda ke cikin galibin tsofaffin motocin nan ba ya ba tayar da ke da riƙo ƙarfin da ya wuce na wadda ke santsi.

Maganin da ya fi arha shi ne a zuba wa haƙoran walda, tayoyin biyu su riƙa juyawa tare har abada. Ina roƙon masu mota su daina. A taɓo za ta fita, gaskiya ne. Amma a kan kwalta, da lodi, kowace kwana taya na gurzar titi, sandar aksil na murɗuwa, kuma ran da aka yi ruwa bayan motar na iya kwashewa da mutane a ciki.

Hanyoyin kirki biyu ne. Akwai mai taƙaita santsi, wanda makanikai ke kira LSD. Shi da kansa yake tura ƙarin ƙarfi ga tayar da ta kama ƙasa, ba ruwan direba da danna komai. LSD mai faifan kuloci a ciki yana son mai na musamman, kuma faifan na cinyewa, shi ya sa na gwanjo sau da yawa suna ne kawai ya rage. Mai haƙora zalla, irin Truetrac na kamfanin Eaton ko Torsen, ba shi da faifan da zai ƙare. Rauninsa ɗaya: in taya ta tashi sama gaba ɗaya, ƙarfinsa ya ragu, sai dai a ɗan taɓa birki a taimaka masa.

Na biyu shi ne mai kullewa, kamar na kamfanin ARB na Ostareliya, da ke aiki da iska. Ka danna maɓalli, tayoyin su haɗe. Ka fita daga taɓo, ka sake su. Babu kamarsa a fadama da yashi. Sai dai yana da tsada, ga kwamfaresa, ga siririn tiyon iska da ƙaya ko zafin salansa ke iya hudawa a dajin da babu makanike.

A ganina, mai ɗaukar kaya daga kasuwa zuwa kasuwa, wanda yawancin tafiyarsa kwalta ce da burji, LSD mai haƙora ya ishe shi. Mai kullewa na wanda abincinsa ke cikin daji ne, kuma wanda zai tuna ya sake shi kafin ya hau titi.

Duk wanda ka zaɓa, in za ka Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, tafi da makanikenka da tsohon difarenshal ɗinka. A ƙirga haƙoran bakin sandar aksil, su yi daidai. In kuma tukunyar gaba ɗaya za ka canza a mota mai jan ƙafa huɗu, dole lissafin haƙoran baya ya zo ɗaya da na gaba, in ba haka ba giyar da ke raba musu ƙarfi ce za ta fara lalacewa.