Waiwaye: An ci gari, ina amsar?

Kacici-kacici yana da doka, kuma duk wanda ya tashi a gidan da ake hira bayan sallar isha'i ya san ta. Mai tambaya zai jefo tasa, yara su yi ta lalube, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza. In dabara ta ƙare sai a ce masa, "Mun ba ka gari." Ya zaɓi wanda ya yi masa, Kano ko Yola ko Marwa, ya gama wasa kansa da abin da zai ci a can, sannan ya faɗi amsa. Faɗin amsar nan bashi ne a wuyansa. Kuma ba kowace amsa ake karɓa ba, sai wadda in an ji ta kowa zai dafe kai ya ce, ai kuwa haka ne, tana gabanmu ba mu gani ba. Yaron da ya ci gari ya tashi ya gudu, ko ya ƙago amsar da ba ta haɗa hanya da tambayar ba, gobe ba mai sauraronsa.

Duk fim mai dogon zango da aka gina a kan "wa ya kashe?" ko "wa ya sace?" dokar nan tana kansa. Bambancin kawai, garin da ɗan kallo yake bayarwa yana da tsada: kuɗin data, man janareta, barcin dare, da watanni na jira.

Mu koma shekarar 2020. Kullen korona ya tsayar da harkoki, kasuwar fim a faifan CD ta riga ta mutu tun kafin nan, sai masu shirya fina-finan Hausa suka karkata ga dogon zango. Tashar Arewa24 ta riga ta share fage da Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in a 2019. A 2020 ɗin Izzar So ya ɓullo a YouTube, haka ma Labarina na Aminu Saira, wanda aka riƙa haskawa a Arewa24 da kuma YouTube. A nan Mubi, daga Lokuwa har Shuware da Kolere, Labarina ya shiga gidaje kamar ba a taɓa yin fim ba. Wanda ba shi da tauraron ɗan'adam sai ya bi ta wurin masu tura fim a waya da safe, ya ba da ɗan canjinsa a zuba masa. Kuma ya cancanci hakan. Hoto tsaf, sauti tsaf, magana irin ta mutane, ga Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu yana sa mutum ya tsane shi yana kuma ɗokin fitowarsa. Asalinsa labarin soyayya ne da talauci da dukiya, amma makirci da laifi sun shige shi har wuya, kuma su ne suka riƙe mutane da tambaya daga mako zuwa mako.

Sai abubuwa suka fara kwancewa. Nuhu Abdullahi, mai fitowa a matsayin Mahmud, ya bar shirin, aka kashe Mahmud a cikin labarin. Sumayya, wadda duk labarin yake kewayawa a kanta, ta ɓace, ana ta nemanta, 'yan kallo suna ta lissafin wanda ke da hannu. A 2022 Nafisa Abdullahi, mai fitowa a matsayin Sumayya, ta sanar cewa ta bar shirin, daga baya Fati Washa ta hau gurbinta. Can gaba ma aka buɗe sabon labari gaba ɗaya, na Alhaji Mainasara, wanda Sadiq Sani Sadiq ya ja.

A lokacin nakan zauna a shagon wani tela a Shuware. Wayarsa yake jinginawa a jikin gwangwanin allurai a kan keke, ya ƙure murya, ƙafa tana taka keke, ido yana tsakanin bakin zare da fuskar waya. Yaransa biyu suna ƙasa suna saka maɓalli, kowa da wanda yake zargi, har ɗaya ya taɓa cin alwashin sayen shayin mako in hasashensa ya faɗi. Da aka fara jin labarin ficewar jarumai, musun nan ya mutu. Na tambaye shi abin da ya sa ya daina sa fim ɗin a shago, ya ce, "Malam, kowa zai mutu, ban ƙi a kashe Mahmud ba. Amma mutuwar nan daga waje ta shigo. Mu muna nan muna lissafi a kan abin da aka nuna mana, ashe lissafin yana can wani wuri da ba mu gani."

Na jima ina juya maganar nan, don ita ce ta raba mini ɓacin rai iri biyu da mutane suke haɗawa wuri guda.

Na farko shi ne wanda telan ya faɗa, kuma ba a kanmu aka fara ba. A Amurka, a watan Maris na 1980, wani zango na shirin Dallas ya ƙare da harbin J.R. Ewing, attajirin mai wanda kusan kowa a labarin yake da dalilin kashe shi. Wata takwas ana jira, har da caca aka yi a kan wanda ya harba. Ranar 21 ga Nuwamba aka bayyana cewa Kristin Shepard ce, ƙanwar matarsa kuma farkarsa, mutum sama da miliyan 80 suna kallo a Amurka kaɗai. Wannan amsar ta zauna, don dalilinta yana cikin labarin. Amma shirin nan dai, a 1985 jarumi Patrick Duffy ya tafi, aka kashe Bobby da yake fitowa a matsayinsa. Da kasuwa ta ja baya aka lallaso shi ya dawo a 1986, sai aka ce wa jama'a ai duk zangon da suka kalla mafarki ne. Shekara guda ta kuka da zullumi aka share da hannu ɗaya. Shirin Twin Peaks kuwa a 1990, masu shi, David Lynch da Mark Frost, ba su so bayyana wanda ya kashe Laura Palmer da wuri ba, tashar ABC ta matsa, aka faɗa a tsakiyar zango na biyu, labarin ya rasa ƙashin bayansa, a 1991 aka dakatar da shi. A duka biyun ofis ne ya yanke hukunci, marubuci ya biyo baya yana ɗinke ɓaraka. Ɗan kallo yana jin ɗinkin ko bai san sunan kowa a ofishin ba.

Iri na biyu ya fi wuyar sha'ani, kuma a nan na rabu da yawancin masu ƙorafi. Line of Duty shiri ne na BBC da Jed Mercurio ya rubuta, ya fara a 2012, a kan wani sashe na 'yan sanda mai suna AC-12 da ke farautar 'yan sanda masu cin hanci. Zango bayan zango ana bin sawun wani babban jami'i da ake kira "H", wanda ake zaton shi ne ke haɗa 'yan sanda da gungun miyagu. An zargi manya, har shugaban sashen kansa, Ted Hastings, bai tsira ba. Ranar 2 ga Mayu 2021, mutum kusan miliyan 13 a Birtaniya suka zauna don ganin fuskar. Aka buɗe ƙofa, sai ga Ian Buckells, wani jami'i malalaci, mai kame-kame, wanda yake yawo a gefen labarin tun zangon farko ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Har kuskuren rubuta wata kalma da yake maimaitawa yana cikin abin da ya tona shi. Jama'a suka yi ca. Sun yi shekaru suna jiran shaiɗani mai kaifin basira, aka miƙo musu sakarai.

Ni kuwa ina ganin amsar nan ta biya bashi. Buckells yana nan tun farko, alamunsa suna nan, ba a sauko da shi daga sama ba. Abin da ya ƙona wa mutane rai shi ne amsar ta yi kama da gaskiya fiye da yadda suke so. Duk wanda ya taɓa bin takarda a ma'aikata a ƙasar nan ya san ɓarna ba ta cika buƙatar gwani ba. Mutum ne dai mara kishi, da aka yi ta ƙara wa girma don ba ya tsone wa kowa ido, ya iya kau da kai, ya iya isar da saƙo, ya iya cewa ba a sanar da shi ba. Irinsu ne suke riƙe ƙofa a buɗe. Inda nake ganin shirin ya gaza shi ne a tallan da ya yi wa kansa: ya yi shekaru yana kaɗa gangar dodo, don haka ba shi da bakin yin mamaki in mutane sun zo ganin dodo. Amma ban yarda an cuci ɗan kallo ba. An faɗa masa abin da ba ya son ji ne, kuma marubuci yana da wannan haƙƙin.

Akwai dalilin da ya sa nake ɗaukar zancen nan da nauyi a matsayina na mutumin Mubi, ko da wani zai ce ai fim ne kawai. Garin nan ya san tambayar "wa ya kashe?" ba a talbijin ba. A daren 1 ga Oktoba 2012, 'yan bindiga suka shiga Wuro Patuji, inda ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na sauran makarantu suke haya, suna bin ɗaki ɗaki suna kiran sunaye. 'Yan sanda suka ce mutum 25 aka kashe, mazauna suka ce sun haura 40. Tun a makon aka rabu biyu, wasu suna danganta abin da rikicin zaɓen ƙungiyar ɗalibai, wasu da Boko Haram, kuma har yau in zancen ya taso a majalisa za ka ji bakin mutane bai haɗu ba. A ƙarshen Oktoba 2014 Boko Haram ta ƙwace garin ɗungurungum, ta laƙaba masa wani suna, mutane suka bi duwatsu da ƙafa zuwa Kamaru, wasu suka nufi Yola, kafin a ƙwato shi a Nuwamba. A 21 ga Nuwamba 2017 bam ya tashi a masallaci a Unguwar Shuwa ana sallar asuba, aka rasa mutum kusan 50. A 1 ga Mayu 2018 aka sake. Mun san sunan ƙungiya. Amma wa ya nuna ɗaki, wa ya ba da masauki, wa ya ga baƙuwar fuska ya yi shiru, waɗannan tambayoyin da yawa daga cikin iyalan mamatan sun kwana da su sun tashi da su.

Ba ina haɗa jinin mutane da wasan kwaikwayo ba ne, Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Abin da nake cewa shi ne mutumin da ya rayu a cikin wannan, in ya zauna gaban fim ɗin bincike, akwai abin da yake nema wanda ya wuce nishaɗi. Yana so ya ga, ko sau ɗaya, an bi sawu har gida, an kira suna, an faɗi dalili, an tsayar da mai laifi gaban alƙali. In fim ya ɗauki wannan alkawarin sannan ya saki zaren don jarumi ya tafi ko don kasuwa ta juya, to ya maimaita masa abin da ya saba gani a waje ne, ya kuma karɓi kuɗinsa a kai.

Ban ɗora wa Aminu Saira ko wani darakta laifin tafiyar jarumi ba. Mutum yana da ikon barin aiki, aure yana zuwa, karatu yana zuwa, rashin lafiya da mutuwa ba sa sallama. Matsalar tana cikin yadda ake gina dogon zangon. Kuɗin yana zuwa ne daga talla da yawan masu kallo a YouTube, don haka muddin ana kallo, ba mai son rufe labari. Ana rubutu, ana ɗauka, ana haskawa, kusan a lokaci guda. A irin wannan tafiya marubuci yakan jefa tambaya don ta riƙe mutane zuwa mako mai zuwa, alhali shi kansa bai yanke amsarta ba. Labarin soyayya yana iya jure wannan, don zuciya tana sauyawa, wadda aka so jiya ana iya ƙinta gobe. Labarin kisa ko sata ba ya jurewa. Wanda ya yi laifin ya riga ya yi shi tun kafin kashi na ɗaya, kuma kowane kallo da ya yi, kowace ƙarya da ya shirga a kashi na uku, dole ta dace da abin da za a faɗa a kashi na talatin. Marubucin da bai san mai laifinsa ba tun ranar farko ba zai iya shuka alamun da za su sa a dafe kai a ƙarshe ba. Shi ya sa nake ganin kafin a kunna kyamara, ya kamata kashin ƙarshe ya kasance a rubuce, a kuma ɗaure yarjejeniya da jaruman da asirin yake hannunsu har zuwa ranar da za a tona shi. In labarin na kashi ashirin ne, a tsaya a ashirin, ko da kasuwa tana kira.

Masu shirya fim za su ce ai har yanzu ana kallo, kuma gaskiya ne, labarin Mainasara ma ya ja jama'a sosai. Sai dai yadda ake kallon ya sauya a wurin wasu. Telan nan na Shuware bai daina kallon dogon zango ba, amma ya daina bi mako mako. Yanzu sai an gama zango yake aika yaronsa wurin mai turi, da saƙon ya fara tambaya ko an bayyana wanda ya yi abin, kuma ko jaruman da aka fara da su ne aka ƙare da su. In an ce a'a, kuɗin ya dawo aljihu. Mai turin ya gaya mini ba shi kaɗai ke aiko da wannan tambayar ba, har ya zama sai ya kalli ƙarshen kowane zango da kansa kafin ya buɗe shago.